Ƙananan siffofi masu kai-komo a Wasan Rayuwa: tambayoyi da amsoshi

Yawancin tambayoyin nan daga ɗaliban da nake koya wa lissafi da kwamfuta ranar Asabar a Tudun Wada, nan Kaduna, suka fito. Wasu iyayen yara ne suka yi su, wasu kuma daga waɗanda aka tura wa hoton abin yana motsi a WhatsApp. Kafin ka ci gaba, nemo littafin lissafi mai gida-gida da fensir da abin gogewa, domin rabin amsoshin sai ka zana da hannunka za su zauna maka.

Wai mene ne wannan abin tun asali?

Allo ne da aka raba shi gida-gida. Kowane gida ko dai rayayye ne ko matacce. Lokaci yana tafiya taki-taki, kuma a kowane taki duk gidajen suna duba maƙwabtansu su canja hali bisa doka guda wadda ba ta sauyawa. Wannan fanni shi ake kira selula otomata. John von Neumann da Stanislaw Ulam ne suka fara tunaninsa a Amurka cikin shekarun 1940, amma tsarin von Neumann yana da nauyi, don kowane gida yana iya shiga hali har 29. John Conway, masanin lissafi ɗan Ingila da ke Jami'ar Kambirij a lokacin, shi ya rage abin zuwa hali biyu, ya sa masa suna Wasan Rayuwa. Duniya ta san shi ne a watan Oktoba na 1970, da Martin Gardner ya rubuta bayaninsa a mujallar Scientific American. Conway ya rasu a 2020 sanadiyyar cutar korona.

Mece ce dokar?

Kowane gida yana da maƙwabta takwas: sama, ƙasa, hagu, dama, da kusurwoyi huɗu. Rayayyen gida zai kai taki na gaba idan yana da rayayyun maƙwabta biyu ko uku. Idan ba su kai biyu ba, ko sun wuce uku, ya mutu. Mataccen gida kuwa yana rayuwa ne idan rayayyun maƙwabtansa uku ne cif. Shi ke nan, babu wata doka bayan wannan. Kai naka shi ne ka jera gidajen farko, daga nan ka naɗe hannu ka yi kallo.

Me ake nufi da siffa mai kai-komo?

Ita ce siffar da ke canja kama, ta sake canjawa, har ta dawo yadda ta fara, a wurin da ta fara, sannan ta maimaita ba iyaka. Yawan takin da take yi kafin ta dawo shi muke kira zagayenta. Akwai waɗanda ba sa motsi sam, kamar dunƙule mai gida huɗu, biyu sama biyu ƙasa: kowane gida a cikinsa yana da maƙwabta uku, ba mai mutuwa, kuma babu wani gida a waje da ke taɓa uku. Irin wannan zaunanniyar siffa ce, ba ita muke magana a kai ba, ko da yake za ta sake shigowa.

Malam, wacce ce mafi ƙanƙanta?

Gida uku a jere. Mu a aji mai ƙyaftawa muke ce mata, a manhajoji kuma za ka gan ta da sunan blinker. Zana ta a kwance, ka bi ta gida-gida. Na tsakiya yana da maƙwabta biyu, ɗaya a hagu ɗaya a dama, don haka ya tsira. Na gefen hagu maƙwabcinsa ɗaya ne, ya mutu. Haka na gefen dama. Yanzu duba mataccen gidan da ke saman na tsakiya: duka ukun suna taɓa shi, ɗaya daga ƙasa, biyu ta kusurwa, to ya rayu. Na ƙasan na tsakiya ma haka. Gidajen da ke saman na gefe biyu-biyu suke taɓawa, ba su isa ba. Abin da ya rage: gida uku a tsaye. Ka sake bin dokar, su koma kwance. Zagayenta 2.

Kuma ba a iya samun wadda ta fi ta ƙanƙanta, hujjar ma ba ta da tsawo. Idan gida biyu ne kawai a allo, kowanne maƙwabci ɗaya yake da shi in ya yi yawa, duk za su mutu, kuma ba za a haifi sabo ba tunda haihuwa sai da uku. Ina son wannan hujja domin ɗan aji ɗaya na ƙaramar sakandare yana iya kawo ta da kansa, kuma ta rufe maganar gaba ɗaya, ba wai an gwada an gani ba ne kawai.

Na bi dokar amma tawa ta watse. Ina matsalar?

Kusan kullum abu ɗaya ne. Kin goge gidan gefe tun kafin ki gama ƙirga wa sauran, sai na saman tsakiya ya ga maƙwabta biyu maimakon uku. Duk gidajen lokaci guda suke canjawa. Ki gama ƙirga gaba ɗaya a kan tsohon hoto, ki sa ɗigo a waɗanda za a haifa, ki ja layi a kan waɗanda za su mutu, sannan ki zana sabon hoton a gefe. Masu rubuta shirin kwamfuta ma a nan suke faɗawa: suna gyara allon da suke karantawa. Allo biyu ake ajiyewa, a karanta ɗaya a rubuta a ɗayan, sannan a musanya su.

Bayan mai ƙyaftawa sai wacce?

Akwai biyu da ya kamata kowa ya zana da hannu.

Ta farko kwaɗo, toad a manhaja, wadda Simon Norton ya gano a 1970. Layi biyu ne na gida uku-uku, ɗaya a kan ɗaya, amma na saman an tura shi dama da gida ɗaya. Gidaje huɗun da ke cunkushe a tsakiya kowanne yana da maƙwabta huɗu, sai su mutu. Biyun da suka leƙo waje su tsira, a haifi sababbi huɗu, siffar ta buɗe ciki kamar ta kumbura, a taki na gaba ta sake tsukewa. Gida shida ne a kowane hali.

Ta biyu fitila, wato beacon. Ɗauki dunƙule biyu irin wanda na ambata, ka haɗa su kusurwa da kusurwa. Gidajen nan biyu da suka taɓa juna kowanne yana da maƙwabta uku na dunƙulensa, ga kuma ɗaya daga ɗaya ɓangaren, sun zama huɗu, sai su mutu tare. Da sun mutu, kowane gurbi ya koma yana da uku cif, sai a sake haifar su. Gida takwas, shida, takwas, shida. A nan ne ɗalibi ke fara lura cewa siffa mai kai-komo kashi biyu ce: akwai gidajen da ke canjawa, akwai waɗanda ke tsaye suna riƙe da su. A fitila gida biyu ne kawai ke aiki, shidan nan kuwa ba sa motsi, amma ka cire ɗaya daga cikinsu ka ga yadda abin zai lalace.

Daga nan sai manya. Akwai wadda ake kira pulsar, zagayenta 3, tana tashi daga gida 48 zuwa 56 zuwa 72. Idan ka haɗa murabba'i biyu masu gida tara-tara kusurwa da kusurwa, ka samu siffa mai zagaye 8. Waɗannan ba na ba da shawarar a bi su da fensir sai ga mai haƙuri sosai.

Idan uku a jere na ƙyaftawa, huɗu ko biyar fa?

A nan ne hasashe ke ƙarewa. Huɗu a jere, bayan taki biyu, sai su zama zaunanniyar siffa mai gida shida. Biyar su watse su bar masu ƙyaftawa huɗu, kowacce a ɓangarenta. Shida su yi ta fafutika, ƙarshe su mutu ƙurmus, allo ya koma fayau. Bakwai su bar zaunannu huɗu. Goma kuwa su rikiɗe su zama pentadecathlon, wadda Conway da kansa ya gano a 1970, mai zagaye 15: tana miƙewa, ta kumbura, ta tsuke, ta yi kamar za ta rabe biyu, a taki na 15 ta dawo daidai inda take.

Babu wata dabara da za ta gaya maka tun farko cewa shida za su mutu goma su rayu. Sai an bi. Kuma wannan ba gazawar malamai ba ce. An tabbatar cewa duk lissafin da kwamfuta ke iya yi ana iya gina shi a cikin wasan nan, saboda haka ba za a taɓa samun hanya guda da za ta faɗi makomar kowace siffa ba tare da an bi ta ba.

Malam, ɗana ya ce kuna rayawa kuna kashewa a allo. Wannan ba shiga hurumin Ubangiji ba ne? Kuma ba caca ba ce?

Alhaji, ka kwantar da hankalinka. Babu rai a ciki ko kaɗan. Ɗigon fensir ne a takarda, akwai shi ko babu shi, kuma da za mu ce a kunne da a kashe lissafin ba zai canja da komai ba. Caca kuwa sai da sa'a da abin da aka zuba, nan babu ko ɗaya. Idan yara goma suka fara da siffa ɗaya suka bi dokar daidai, amsa ɗaya za su samu, kamar yadda bakwai sau takwas ba ya canjawa. Ranar da ka samu sarari ka leƙo ajin, cikin minti biyar za ka zana mai ƙyaftawa da kanka.

Shin kowace lamba tana da siffar da ke zagaye da ita?

E, amma sai a 2023 aka iya faɗin haka, shekara 53 bayan fitowar wasan. Kuma labarin yadda aka kai can shi ne abin da ya fi burge ni a fannin duka, domin ba manyan lambobi ne suka ba da wahala ba.

Ƙananan zagaye, irin su 2 da 3 da 8 da 15, tun shekarar farko aka same su, wasu ma da kansu suke faɗowa. Manya kuma gina su ake yi. Akwai wata 'yar siffa mai gida biyar da ke tafiya a karkace, glider, mu muna ce mata matafiyiya. Idan aka kafa abubuwan da ke juya mata hanya a kusurwoyi huɗu, sai ta yi ta kewaya, kamar mota a shataletale. Kana son zagaye mai tsawo, ka faɗaɗa hanyar. Kana son gajere, ka ƙara motoci da tazara iri ɗaya, ta yadda kowacce za ta isa inda ta gabanta take cikin 'yan takin da kake so. Sai dai ba a matse su yadda aka ga dama, domin abin juyawar yana buƙatar lokaci ya koma daidai kafin ta baya ta iso, in ba haka ba a yi karo. A 1996 David Buckingham ya nuna yadda za a samu duk manyan zagaye ta irin wannan gini. A 2013 Mike Playle ya gano wani ƙaramin abin juyawa, Snark, wanda ke komawa daidai cikin taki 43. Daga ranar, duk lambar da ta kai 43 ko ta wuce an gama da ita.

Waɗanda suka gagara su ne na tsakiya. Sun yi gajarta a gina su da shataletale, sun kuma yi tsawo a ce kwamfuta ta gwada duk siffofin da za su yiwu har ta ci karo da su. Haka aka yi ta tsintar su ɗai-ɗai: 23 a 2019, 38 a 2022. Na ƙarshe su ne 19 da 41, kuma duka biyun a watan Yuli na 2023 aka same su. Mitchell Riley ya samo na 19, Nico Brown ya samo na 41, siffa mai gida 204. A Disamba na shekarar aka fitar da takardar da ta tattara hujjar. Ka lura, zagaye miliyan ya fi zagaye 19 sauƙin samu da shekaru masu yawa.

To ai sai in ajiye mai zagaye 2 kusa da mai zagaye 3 in samu 6. Ko ba haka ba?

Haka ne, kuma wanda ya yi wannan tambaya ya gane darasin ƙaramar lambar da lambobi biyu ke shiga cikinta. Allon duka zai dawo yadda yake bayan taki 6. Mai ƙyaftawa da pentadecathlon kuma su ba ka 30. Amma masu wannan harka ba sa ƙirga irin wannan a matsayin sabon abu. Sharaɗinsu shi ne a samu aƙalla gida ɗaya wanda shi kansa sai bayan cikakken zagayen yake maimaita halinsa. Kuma dabarar ba ta da amfani ga 19 da 23 da 41, tunda babu lambar da ke raba su sai ɗaya da su kansu.

Ita matafiyiyar ba mai kai-komo ba ce? Ai tana dawowa kamarta.

Tana dawowa kamarta bayan taki huɗu, amma ta matsa gida ɗaya a karkace, don haka ajinta daban. Abin da ke tsakani shi ne bindigar Bill Gosper. Conway ya sa dala 50 ga duk wanda ya kawo siffar da za ta yi ta girma ba iyaka, Gosper da abokansa na jami'ar MIT ta Amurka suka cinye kuɗin a Nuwamba 1970 da wata siffa mai gida 36. Jikinta yana kai-komo da zagaye 30, kuma duk zagaye sai ta harbo matafiyiya ɗaya.

Me ya sa duk sanda na watsa ɗigo barkatai, masu ƙyaftawa ne ke cika allon?

Saboda ƙanana ne. Gida uku su faɗo a jere ba wuya, gida 48 su faɗo a tsarin pulsar kuwa sai an dace. Akwai wata manhaja, apgsearch, da Adam Goucher ya rubuta, wadda mutane a ƙasashe daban-daban ke bari tana gudana a kwamfutocinsu. Tana watsa ɗigo barkatai, ta jira ƙura ta lafa, ta ƙirga abin da ya rage, ta aika zuwa rumbun da ake kira Catagolue. A ƙidayar, dunƙule ne kan gaba, mai ƙyaftawa na biye da shi. A cikin masu kai-komo kuwa, bayan mai ƙyaftawa sai kwaɗo, sai fitila, sai pulsar, kuma tazarar da ke tsakanin ta farko da sauran ba kaɗan ba ce.

Ba ni da kwamfuta, wuta ma ba kullum ba. Yaya zan yi?

Conway da abokansa ma ba da kwamfuta suka fara ba, da duwatsu suka yi a kan allon wasan Go. Kai kana da abin da ya fi kusa: haƙa gidajen dara a ƙasa, biyar sau shida kamar yadda aka saba, ka sa tsakuwa a rayayyun gidaje. Ka tanadi ƙwallon dabino don alamar waɗanda za a haifa. Idan ka gama ƙirga, ka kwashe tsakuwar da ta mutu, ka mayar da ƙwallayen tsakuwa. Mai ƙyaftawa da kwaɗo da fitila duk za su shiga wannan fili. Pulsar ba za ta shiga ba.

Mai waya kuma ya sauke manhajar Golly, wadda ke gudanar da wannan wasa. Kyauta ce, tana aiki a Android, kuma da zarar ta sauka ba ta buƙatar data. Tana zuwa da tarin siffofi a ciki. Shawarata dai, ka fara bin ukun nan da hannu kafin ka buɗe ta, domin wanda ya fara da waya kallo kawai yake yi.

Me ke faruwa a bakin allo?

A ƙa'ida allon ba shi da baki. Takarda da waya kuwa suna da shi, don haka ko dai a ɗauki duk abin da ke waje matacce ne, ko a haɗa bakin dama da na hagu, na sama da na ƙasa. Kowanne ka zaɓa, siffar da ta taɓa baki za ta yi abin da ba nata ba, shi ya sa ake barin fili. Pentadecathlon musamman tana son sarari, kada ka fara ta a allon da bai kai gida ashirin kowane ɓangare ba.

Akwai wani abu kuma. A allo mai iyaka, komai ka zuba dole wata rana ya shiga maimaici. Gidajen dara 30 suna iya ɗaukar hali 1,073,741,824, wato biyu sau kanta har sau talatin. Suna da yawa amma suna ƙarewa, kuma da zarar wani hali ya sake dawowa, duk abin da ya biyo shi a karon farko shi zai sake biyo shi.

Idan aka canja dokar fa?

Sai siffofin su canja. Akwai dokar da ake kira HighLife, wadda Nathan Thompson ya fito da ita a 1994: komai irin na Conway ne, sai dai mataccen gida mai maƙwabta shida ma yana rayuwa. A can mai ƙyaftawa da kwaɗo suna aiki yadda suka saba. Akwai kuma Seeds, inda duk rayayyen gida ke mutuwa a kowane taki, haihuwa kuma da maƙwabta biyu ake yi. Gwada wannan: gida biyu da suka taɓa juna ta kusurwa. Su biyun za su mutu, gurabe biyun da ke ɗaya kusurwar kowanne yana taɓa duka biyun, sai su rayu. Ga mai kai-komo da gida biyu kacal, abin da muka nuna ba zai yiwu ba a dokar Conway.

Amfanin me zai yi wa yaro?

Mai ƙyaftawa ba za ta kawo masa ko sisi ba, gara in faɗa tun yanzu. Amma dangin wannan lissafi ana aiki da shi. A 1992 Kai Nagel da Michael Schreckenberg a Jamus suka raba titi gida-gida, suka ba kowace mota 'yar doka ta ƙara gudu da rage gudu, sai ga cunkoso yana tasowa ba tare da hatsari ko shingen kowa ba, yana kuma ja da baya alhali motoci gaba suke yi. Duk wanda ya taɓa maƙalewa a hanyar Kawo da yamma, ya fito bai ga abin da ya tare hanyar ba, ya san irinsa. Ana kuma kwaikwayon yaɗuwar gobarar daji da irin wannan allo.

Ga mai shirin karanta kimiyyar kwamfuta a Kadpoly ko KASU ko ABU Zariya, rubuta wannan wasa atisaye ne mai kyau na farko: layi kaɗan ne, kuma gwajinsa a hannu yake. Ka zuba gida uku a jere, ka gudanar da taki biyu. In ba su dawo kwance a inda ka ajiye su ba, akwai kuskure a shirinka, kuma ka fara dubawa ta wurin ƙirgar maƙwabta, don da yawa sukan haɗa da gidan da suke tsaye a kai su ƙirga tara.